Wuyan shaf mai kauce wa tsakiya: tur, aksis na huɗu da makaro, ko manhajar CAM?

Duk wanda ya taɓa buɗe injin ɓare gyaɗa, ko injin tankaɗe, ko teburin girgiza na masu buga bulo, ya san irin shaf ɗin da nake nufi. Sandar ƙarfe ce miƙaƙƙiya, amma akwai wani wuya a jikinta da bai zauna a tsakiya ba, ya kauce gefe da milimita 3, ko 5, ko 10. Wannan kaucewar ce ke sa juyin mota ya koma kai-da-komo. Kiranshaf na injin niƙa mai silinda ɗaya ma ɗan gidan ne, sai dai tasa kaucewar ta fi yawa. A Maraɗi, da gyaɗa da gero da wake da aya suka shigo bayan kaka, injinan nan ba sa hutawa, kuma wuyan da rulma, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, ke zaune a kai yana cikin abubuwan da ke fara cinyewa.

Mai atiliyen da ya sayi injin firez na CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, mai faifan juyi da ake kira aksis na huɗu ko A, ko yake shirin saye, zai tarar da hanyoyi kusan biyar na fitar da wannan wuya. Ba su yi daidai ba wajen kuɗi, ko lokaci, ko kyawun aiki, kuma wadda masu sayar da manhajar CAM, mai fitar wa injin hanyar yanka daga zane, suka fi yi wa talla ba ita ce ta fi dacewa da mafi yawan aikinmu ba. Ra'ayina tun da farko shi ne, muddin wuyan da'ira ce zalla, lissafin layi tara da ake rubuta wa injin da hannu, wato makaro, ya ishe ka. Amma akwai wuraren da wannan ra'ayi ba ya tsayawa, za mu zo kansu.

Don kada magana ta yi yawo, mu riƙe misali guda. Wuya mai faɗin milimita 40, wanda rulma lamba 6208 za ta hau, ya kauce daga tsakiya da milimita 5. Rabin faɗinsa 20 ke nan. Sandar da za a yanka dole ta kai 50, gara ma 55 don a sami abin sharewa. A gefe ɗaya za a ci ƙarfe kusan milimita 10, a ɗaya gefen kuwa kusan babu abin ci. Ka kuma tuna cewa ɓangaren shaf da rulma za ta bi ta kansa kafin ta isa mazauninta ba zai wuce 30 ba, in ba haka ba sai an gama aiki tsaf a ga rulma ta ƙi shiga.

Tur, tsohuwar hanya

Kafin a zo kan CNC, a ba tur, injin da ke juya ƙarfe wuƙa na yankansa, haƙƙinsa. Da mandaran mai baki huɗu, wato abin da ke riƙe ƙarfen, ana tura shaf gefe har agogon awo ya nuna bambancin milimita 10 a juyi ɗaya, wato ninki biyu na kaucewar. Nan almajirai ke yawan tuntuɓe: su ga 5 a takarda, su nemi 5 a agogo, su fitar da kaucewar 2.5. Agogunan awo da yawa ma iyakar tafiyarsu 10 ce, don haka misalinmu yana bakin iyaka. In ya wuce haka sai an haɗa da wani ƙarfe da aka san kaurinsa.

Wanda ba shi da baki huɗu yana iya sa ƙarfe ƙarƙashin baki ɗaya na mandaran mai baki uku. Kaurin ƙarfen kusan kaucewa sau ɗaya da rabi ne, wato wajen 7.5 a nan, sannan a gwada da agogo a gyara. Dabara ce ta fita kunya, ba ta aikin da za a maimaita ba.

Abin da tur ke bayarwa wanda firez ba ya kaiwa cikin sauƙi shi ne zagaye na gaskiya da santsin fuska, domin ƙarfen da kansa ke juyawa a kan tsakiyar wuyan. Matsalarsa kuwa nauyi ne da ya karkata gefe. Dole a rage gudu, wani lokaci a ɗaura ƙarfen daidaita nauyi, kuma yankan farko duka ne, ƙarfe ya bugi wuƙa ya sake ta, ya sake bugu. Wuƙar karbaid ba ta son haka. Sannan kowane shaf sai an sake zaunar da shi da agogo. In guda biyu ne ba komai. In Alhaji ya zo ya ce, «Malam, injina talatin nake haɗawa kafin kaka, shaf talatin nake so kuma duk su zama ɗaya», zaman agogon nan ne zai cinye ribar.

Akwai wata hanya ta tsakiya da nake ganin ba a ba ta muhimmanci yadda ya kamata. A ɗora shaf a injin firez, a huda ramukan tsini biyu a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya ɗaya a milimita 5, sannan a kai tur a juya shi tsakanin tsini biyu. CNC ya yi abin da ya fi iyawa, wato sa rami daidai wurinsa, tur ya yi nasa. Abin lura kawai shi ne ramukan gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, in ba haka ba wuyan zai fito a karkace. Ga shaf mai tsawo, har yau ban ga abin da ya fi wannan arha ba.

In wuyan a ƙarshen shaf yake

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A tsayar da ƙarfen a tsaye, a kewaya wuyan da gefen firez, wato wuƙar injin mai juyawa, da G02 ko G03, umarnin yanka da'ira, tsakiyar da'irar a X5. Aksis uku, wato hanyoyin tafiyar injin X da Y da Z, sun isa, babu faifan juyi, babu manhaja. Iyakarsa tsawon firez da tsayin da injin ke bari ƙarƙashin kansa. Wuyan da ke tsakanin kafaɗu biyu kuwa ba ya samuwa ta nan ko kaɗan.

Juya, kulle, yanka

Hanya mafi sauƙi da aksis na huɗu ita ce a juya A da ƴan digiri, a kulle birki, a share fili guda, a sake juyawa. A injin Haas M10 ke kama birkin, M11 ke sake shi. Sauran injina kowane da lambobinsa. Amfaninta ƙarfi ne: faifai a kulle yake, firez na iya cin ƙarfe da nauyi ba tare da giyar faifan ta sha duka ba.

Sai dai abin da ke fitowa ba da'ira ba ce, abu ne mai fuskoki da yawa. Ga wuyanmu mai rabin faɗi 20, in ana juya digiri 10 a kowane mataki, fuskoki 36 za a samu, tudun da ke tsakaninsu ya kai kusan milimita 0.076. A digiri 5 ya sauko 0.019. Sai an kai digiri 2, wato kullewa da sakewa sau 180, kafin ya zama 0.003. Mazaunin rulma na k6, wato ƙa'idar dacewar shaf da rulma, a kan 40 kuwa yana tsakanin ƙarin 0.002 da ƙarin 0.018, gaba ɗaya 0.016 aka ba ka ka yi wasa a ciki. Don haka wannan hanya ba ta gama aiki ba ce. Amma ta share ƙarfen farko ba ta da na biyu: fuskoki takwas ko goma sha biyu, a bar rabin milimita, a wuce.

Dalilin da ya sa nake fifita ta wajen sharewa shi ne, in ka ce za ka sauko da juyi tun daga farko, dole ka fara daga rabin faɗi 30 ka riƙa ragewa zuwa 20, kuma a zagayen farko firez iska yake yanka a mafi yawan hanyar.

Naɗe zane a kan silinda

Nan ne mutane da yawa ke ɓata mako guda. Manhajojin CAM suna da wata dabara ta ɗaukar hanyar firez da aka zana a shimfiɗe su naɗe ta a jikin silinda, su maye tafiyar Y da juyin A. Su ma na'urorin sarrafawa suna da irin ta a cikinsu: G07.1 a Fanuc, G107 a Haas, TRACYL a Siemens. Don rubutu a jikin shaf, ko ramin mai mai murɗawa, ko tsagi a jikin ganga, dabarar ta yi kyau ƙwarai.

Amma an gina ta ne a kan cewa fuskar da ake yanka tana kewaye da tsakiyar faifai, kuma firez kullum yana kallon wannan tsakiyar, Y na tsaye a sifili. Wuyanmu kuwa tsakiyarsa na yawo. In A ya kai digiri 90, tsakiyar wuyan ta koma milimita 5 gefe, firez kuma yana nan yana kallon inda ba kowa. Mai naɗe zane zai yi ta canja lambobi yana zaton wani akwati ne bai cika daidai ba, alhali kayan aikin ne ba na nan ba.

Akwai wani abu mai ban sha'awa a nan, ko da yake. Da firez mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, in rabin faɗinsa ya fi kaucewar, ana iya barin Y a sifili, Z kaɗai ya riƙa hawa da sauka, da'irar ta fito daidai. Wurin taɓawa ne ke yawo a ƙarƙashin firez, milimita 5 nan, 5 can. Da firez na 20, faɗin da ake yankawa yana sauyawa daga 20 zuwa wajen 17.3 sau biyu a kowane juyi, don haka gindin kafaɗa ba ya fita fes, kuma sau biyu a juyi yankan yana bi ta tsakiyar firez inda haƙori ba shi da gudu. Wanda injinsa ke da matsala a Y zai iya fakewa a nan. Wanda nasa lafiya lau ba shi da dalili.

Makaro: Y da Z suna bin wuya

Lissafin ba ya wuce abin da ɗalibin makarantar Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi ya sani. Idan an sa sifilin Y da na Z a tsakiyar faifan juyi, kuma a A0 wuyan yana sama, to a kowace kusurwa tsakiyar wuyan tana Y daidai da kaucewa sau sin na kusurwar, tana Z daidai da kaucewa sau cos. A ɗora rabin faɗin wuya a kan Z, firez ya zauna a ƙoƙuwar wuyan ya bi shi duk inda ya je. A yaren makaro na Fanuc, wanda Haas ma ke karantawa in an buɗe masa zaɓin makaro, ga shi:

#1=5.
#2=20.
#3=0
G93
WHILE[#3LT360.]DO1
#3=#3+1.
G01 A#3 Y[#1*SIN[#3]] Z[#1*COS[#3]+#2] F860.
END1
G94

Lamba ta ɗaya kaucewa, ta biyu rabin faɗi, ta uku kusurwa. Ko Y zai ɗauki alamar ragi ya danganta da inda faifanka ke juyawa, kuma ba a gano wannan da ƙarfe a mandaran. A ɗaga Z sama, a bar shi ya zagaya a iska, ido a kai. Ba cikakken furogiram ba ne, babu kiran firez, babu kusantowa, babu fita, zuciyar aikin ce kawai.

Wani zai ce ai tsakanin digiri da digiri injin miƙe yake tafiya, ba da'ira ba. Haka ne, amma kuskuren da ke fitowa a matakin digiri 1 da kaucewar 5 bai kai milimita 0.0002 ba. A digiri 2 yana wajen 0.0008. Sai a digiri 5 ne ya kai kusan 0.005, inda ya fara shiga cikin hurumin rulma. Tsofaffin na'urori da ba sa iya lissafa layi goma sha huɗu a daƙiƙa za su riƙa tafiya da tsalle-tsalle, su bar alamomi a fuska. Maganinsu a koma digiri 2, a raba lambar F ta layin G01 biyu.

Batun F860 da G93 shi ne inda ya kamata a zauna a fahimta, domin nan ne firez ke karyewa ko aiki ya ɗauki yini. A G94, wanda aka saba da shi, F300 na nufin milimita 300 a minti. Da aka shigo da A, na'urori irin Fanuc suna haɗa digiri da milimita a lissafi ɗaya tamkar abu guda ne. Digiri 1 a kan wuyanmu kuwa milimita 0.349 ne kawai. Ka rubuta F300, faifai ya yi wajen digiri 300 a minti, ainihin tafiyar a jikin ƙarfe ta zama kusan 105. Firez na goga maimakon yanka, yana zafi, yana dakushewa. A ƙarfe mai rabin faɗi 100 kuma abin ya juye: F300 ɗin nan ya zama fiye da 520. A rabin faɗi 57.3 ne kaɗai digiri da milimita suke zuwa ɗaya. Haas na da saiti lamba 34 inda ake gaya masa faɗin ƙarfen don ya gyara lissafin, amma wannan ma ya ɗauka cewa ƙarfen a tsakiya yake.

G93 ya kauce wa duk wannan. A cikinsa F ba gudu ba ne, yana faɗin sau nawa za a iya yin wannan layin a minti ɗaya. Muna son 300 a minti, kowane layi 0.349 ne, 300 a raba da 0.349 ya ba da kusan 860. Juyi ɗaya zai ɗauki daƙiƙa 25. Daɗin wannan hanya shi ne, tun da firez kullum yana ƙoƙuwar wuya, F ɗin ba ya canjawa daga farkon juyi zuwa ƙarshe. Sharaɗi ɗaya: a G93 kowane layin G01 sai ya zo da F nasa, kuma kada a manta a koma G94 kafin a ci gaba.

Sauran abubuwa biyu game da firez kansa. Ƙasan yawancin firez ba shimfiɗaɗɗe ba ne sosai, yana da ɗan loɓawa zuwa tsakiya, don haka in an zauna daidai tsakiya wuyan na iya fitowa da ɗan ciki. Kuma tsakiyar firez ba ta yanka, turawa take. Shi ya sa ake ƙara ƴan milimita a kan Y domin layin taɓawa ya faɗa inda haƙora ke gudu, a kuma riƙa matsar da X kaɗan-kaɗan a kowane juyi in tsawon wuyan ya fi faɗin firez. A zagayen ƙarshe na gindin kafaɗa ne ake dawowa tsakiya.

Me makaro ya fi sauran? Gajarta da farko. Tsohon injin da aka sayo na hannu, mai ƙwaƙwalwa ƴar ƙarama, zai riƙe shi ba tare da an jona kwamfuta tana ɗura masa layuka ta wayar RS-232 ba. Na biyu, gyara a bakin injin: an auna an ga 40.06, a rage 0.025 a lamba ta biyu a sake zagaye. Na uku, gobe wani ya kawo na kaucewar 8 da wuya 35, lambobi biyu za a canja. Na huɗu kuma ya shafi garinmu kai tsaye. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina da Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023 har zuwa Maris 2024. Ko a lokacin da ba rikici, watannin zafi sun san ɗaukewar wuta. In ta ɗauke a tsakiyar juyi, mai makaro zai mayar da injin gida, ya ɗaga, ya sake zagayen daga A0 cikin daƙiƙa 25. Mai fayil na layi dubu ɗari da ake ɗurawa daga kwamfuta sai ya zauna neman inda ya tsaya.

Rauninsa shi ne babu hoto. Ba wanda zai nuna maka cewa mariƙin firez zai bugi bakin mandaran a digiri 270. Kuma yana son mutum ɗaya a atiliye da ya fahimci abin da ya rubuta. In wannan mutumin ya tafi Kano, maigida ya rage da lambobin da ba ya iya taɓawa.

Inda CAM ke cin kuɗinsa

Da zarar wuyan ya daina zama da'ira, magana ta canja. Kam, wato ƙarfe mai hanci kamar na bawul, ba manhajar CAM ba, ko kam da aka ba ka jadawalin hawansa digiri bayan digiri, ko kiranshaf mai kumatu da lanƙwasa a gindin wuya, waɗannan lissafin hannu zai wahalar da kai fiye da kima. Mastercam, Siemens NX, SolidCAM da Fusion na Autodesk duk suna fitar da hanyar juyi ta gaskiya inda A da Y da Z ke tafiya tare, kuma suna nuna maka karo kafin ya faru. A Fusion dabarun juyi suna cikin ƙarin da ake biya daban, kuma lasisin kyauta ba na mai sana'a ba ne. Manhajar tana son intanet lokaci-lokaci, biyan kuma da katin banki ne a kuɗin waje, abin da ba kowane atiliye ke da shi a hannu ba. FreeCAD kyauta ne, ya kai siga ta 1.0 a Nuwamban 2024, amma ɓangarensa na aksis na huɗu bai nuna ba tukuna yadda zan ɗora masa ƙarfen abokin ciniki.

Abin da masu talla ba sa faɗa da ƙarfi shi ne fos-furosesa, ɗan fayil ɗin da ke mayar da hanyar da ke allo zuwa lambobin injinka. Hoto na iya yin kyau a kwamfuta, fayil ya fito da A yana juyawa baya, ko ya fito a G94, ko ya yanke shawarar komawa daga digiri 359 zuwa 1 ta doguwar hanya da firez a cikin ƙarfe. Bayan juyi ashirin A na iya kaiwa 7200, in na'urar ba a saita ta ta riƙa komawa sifili a kowane 360 ba, sai ka tsaya kallon faifai yana warware juyi ashirin. Wanda zai gyara fos-furosesa dole ya san G93 da alamar juyi da tsakiyar faifai, wato duk abin da mai makaro ya sani. CAM ba ya ɗauke maka wannan karatun, yana zuwa ne a bayansa.

Aksis biyar fa? Ga shaf da ke kwance tsakanin mandaran da tsinin tallafi, na biyar ɗin zaman banza zai yi, kuma teburin lilo na irin waɗannan injina ba ya ɗaukar dogon ƙarfe. Yana da amfani in wuyan a karkace yake da gangan, kamar na famfon da faifansa ke rangaji. Can ne ake buƙatar na'ura ta riƙa bin tsinin firez da kanta: G43.4 a Fanuc, TRAORI a Siemens, M128 a Heidenhain, G234 a Haas. Saye shi don wuyan injin gyaɗa kamar sayen raƙumi ne don ɗauko tulu ɗaya daga rijiyar ƙofar gida. Ka kuma yi tunanin ranar da katin lantarkinsa zai ƙone. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023, kuma hanyar Ɗan Isa da Jibiya ita ce hanyar kayan gyaranmu da masu gyaran.

Abin da zai ɓata aikin ko wace hanya ka bi

Tsakiyar faifai. In sifilin Z ya kauce da 0.02, faɗin wuya zai kauce da 0.04, ya riga ya fita daga k6. A auna shi da sandar gwaji da agogo, a rubuta a bango, a sake aunawa duk lokacin da aka sauke faifan aka mayar.

Wasan giya. Yawancin faifan juyi giya ce mai kama da sukuru ke tura su, kuma tana da ɗan wasa. Tun da A hanya ɗaya yake bi, mutum zai zaci wasan ba zai fito ba. Amma nauyin da ya karkata yana jan faifai baya lokacin hawa, ya tura shi gaba lokacin gangara, kuma a ƙarfe mai nauyi ana ganin alamar a inda ya tsallaka. Y da Z su ma kowanne yana juya baya sau biyu a zagaye, don haka wasan sukurorinsu zai bar tabo a kusurwa huɗu. In mikromita, wato ma'aunin kauri, ya nuna bambanci tsakanin awon tsaye da na kwance, nan za a fara dubawa, ba a furogiram ba.

Zafi. Awon masana'antu a kan digiri 20 aka gina shi, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ƙarfe na ƙaruwa da wajen milimita 0.0115 a kowace mita a kowane digiri. Wuya na 40 da ya fi mikromita zafi da digiri 20 zai nuna ƙarin 0.009, fiye da rabin hurumin da aka ba ka. In dukansu zafinsu ɗaya ne, abin ya kashe juna, tun da mikromitan ma ƙarfe ne. Don haka kada a auna shaf da ya fito daga yanka yanzu. A ajiye shi tare da mikromita a inuwa ɗaya su huce.

Irin ƙarfen. XC48 da ake kira C45, ko ɗan uwansa EN8 na kasuwar Kano, yana yankuwa lafiya. 42CD4, wato EN19, ya fi tauri amma yana biyayya. Tsohon aksil na mota da ake sayowa a wurin ƴan gwangwan kuwa fatarsa a ƙone take da tauri, cikinsa da laushi, kuma wuyan da ya kauce zai ratsa duka biyun, gefe ɗaya a fata gefe ɗaya a ciki. Firez zai ture a wuri mai tauri ya nutse a mai laushi, zagayen ya lalace. In wuyan za a ƙona shi don tauri bayan yanka, ko metal, wato mazaunin da ba shi da ƙwallaye, ne zai gudu a kansa kamar na kiranshaf, to duk hanyoyin nan share fage ne, a bar 0.2 zuwa 0.3 a kai wa mai injin wasa kiranshaf ya gama.

Ramin kilabet, wato tsagin da ake sa ɗan ƙarfen da ke kulle shaf da abin da ke hawa kansa. Sau da yawa kusurwar da ke tsakanin ramin da ƙoƙuwar wuya tana da muhimmanci, musamman a shaf mai wuya biyu da ke fuskantar juna a digiri 180. Nan aksis na huɗu ya yi wa tur nisa, domin ana yanka wuyan biyu da ramin a ɗauri ɗaya, kusurwar kuma lamba ce kawai da ake ƙarawa a kan A.

To wanne za a ɗauka? Shaf ɗaya ko biyu na gyara, ko dogo mai nauyi: ramukan tsini a firez, sannan tur. Wuya a ƙarshen gajeren ƙarfe: a tsaye da G02. Goma zuwa sama, ko wuya biyu da kilabet da dole su dace: a share da juya-kulle, a gama da makaro, in mazaunin rulma ne mai tsanani a bar kaɗan don wasawa. Kam mai hanci ko kiranshaf mai kumatu, kuma aikin yana dawowa duk wata: a biya CAM, a kuma ware mako guda na gwada fos-furosesa a kan katako ko roba kafin a ɗora ƙarfe. Wanda bai sayi injin ba tukuna, ya tambayi mai sayarwa abu uku a rubuce: ko aksis huɗu na tafiya tare ko kullewa kawai faifan ke yi, ko an buɗe makaro, ko na'urar na karɓar G93. A injinan hannu da yawa waɗannan zaɓi ne da ake biya daban, kuma faifan da ke kan tebur ba shaida ba ne cewa an buɗe su.